Majami'un Yahudawan Masar: Gini Yana Tsaye, Masu Ibada Sun Ƙare

A addinin Yahudawa akwai wata ƙa'ida da ake kira minyan. Ba a yin cikakkiyar ibadar jam'i, ba a fito da Attaura a karanta wa jama'a, sai an sami maza baligai goma a wuri ɗaya. A Alkahira, birnin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan ashirin, an daɗe ba a iya haɗa waɗannan goman daga cikin 'yan ƙasa ba. Yahudawan da suka rage a can ana ƙirga su da yatsun hannu, akasarinsu mata ne tsofaffi. Amma majami'unsu kusan goma sha biyu na nan tsaye a birnin, wasu ma an kashe maƙudan kuɗi an gyara su sun koma kamar sababbi.

A shekarar 1948 Yahudawan Masar sun kai wajen 75,000 zuwa 80,000. Yadda aka yi suka ragu haka labari ne na siyasa da yaƙi, zan zo kansa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne gine-ginen, domin kowanne cikinsu yana faɗin matsayin da mutanen suke da shi a ƙasar lokacin da aka gina shi. Wanda ya iya karanta bango zai gane zamanin da suke tafiya kansu a sunkuye, da zamanin da suka miƙe tsaye, ba sai an buɗe masa littafin tarihi ba.

Kafin nan ya kamata a san abin da ke cikin majami'a, don mutane da yawa suna ɗauka coci ce da aka canja wa suna. Ba haka ba ne. A bangon da ke fuskantar birnin Ƙudus akwai wata ma'ajiya kamar kabad da aka shigar cikin bango, Yahudawan ƙasashen Larabawa suna ce mata hekal. A ciki ake ajiye naɗaɗɗun fatun Attaura da aka rubuta da hannu. Nan ne alƙiblarsu, kuma nan ne wuri mafi daraja a ɗakin. A gabanta fitila tana rataye, ba a barinta ta mutu. A tsakiyar ɗaki akwai dandamali mai matakala, ana ce masa teba ko bima, inda mai karatu ke hawa ya shimfiɗa fatar ya karanta, jama'a suna kewaye da shi. Mata suna zama a bene, suna leƙowa ta kan shinge. Babu gunki, babu hoton mutum, ado duk na rubutu ne da zanen ganye da zayyana. Musulmin da ya shiga zai ga abubuwan da suka yi masa kama da mihirabi da mumbari, kuma ba idonsa ne ke yaudararsa ba, magina da kafintocin birni ɗaya ne suka yi wa kowa aiki.

Mafi tsufa kuma mafi shahara ita ce majami'ar Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alkahira, garin da Amru ɗan Asi ya kafa bayan buɗe Masar. Tana cikin unguwar Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar, a bayan tsofaffin coci-coci, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa daga masallacin Amru. Sai mutum ya bi lunguna masu matsi, ya sauka ƙasa da tsayin titi, kafin ya iso gare ta. Daga waje ba ta da wani kwarjini. Bango ne kawai da tagogi.

Wannan rashin kwarjini yana da dalili. A ƙarƙashin dokar zimma, Yahudawa da Kiristoci suna da kariyar rai da dukiya da addini, suna biyan jiziya, amma an taƙaita musu gina sababbin wuraren ibada, kuma ba a so gininsu ya ɗara na Musulmi tsayi ko ya yi fice. Wani sarki ya tsananta, wani ya sassauta, sai dai ƙa'idar ta bar tabonta a salon gini. Abin da ba a iya nunawa a waje sai aka zuba shi a ciki. Ɗakin Ben Ezra layi biyu ne na ginshiƙan marmara da suka raba shi kashi uku, dandamalin karatu na marmara a tsakiya, benen mata a sama, silin da bango sun sha zayyana irin ta gidajen Alkahira. Katakon hekal an sassaƙa shi an cusa masa hauren giwa da ɓawon kawa mai sheƙi, da taurari masu kusurwa da yawa irin waɗanda ke jikin mumbaran masallatan zamanin sarakunan Mamluka na Masar. Ban da rubutun Ibrananci, da wuya ka bambanta aikin da na masallaci.

Masu yi wa baƙi jagora suna ba da labarai biyu game da wurin. Na farko, wai a nan ne aka tsinci akwatin Annabi Musa yana jariri, lokacin da kogin Nilu yake kusa da nan. Na biyu, wai asali coci ce, shugaban Ƙibɗawa ya sayar wa Yahudawa a shekarar 882 don ya biya harajin da mai mulkin Masar, Ahmad ɗan Ɗulun, ya ɗora masa. Labari na biyun ya yaɗu ƙwarai, amma masana da dama suna ganin an gauraya shi da na wani gini ne daban. Abin da takardu suka tabbatar shi ne, wajen shekarar 1012 halifan Faɗimiyya, Alhakim bi Amrillah, ya sa aka rushe ta, a cikin guguwar da ta ci coci-coci da yawa har da ta Ƙudus. Bayan zamaninsa aka sake gina ta, aikin ya kai wajen 1040. A lokacin ana kiranta majami'ar mutanen Sham, domin Yahudawan Fusɗaɗ ba tsintsiya ɗaya ba ne. Akwai masu bin malaman Falasɗinu, akwai masu bin malaman Iraƙi da tasu majami'ar, ga kuma Ƙara'iyawa waɗanda suka tsaya ga nassin Attaura suka ƙi karɓar Talmud, wato kundin bayanan malaman Yahudawa.

Ginin da ake gani yau ba wancan na ƙarni na 11 ba ne. Ya tsufa ya lalace, aka rushe shi aka sake ɗora shi a kan tsohon tsari tsakanin 1889 da 1892. A wannan hidimar ne tsofaffin katakai suka fice daga ƙasar. Ƙyauren tsohon hekal, alal misali, yanzu mallakar wasu gidajen tarihi biyu ne a Amurka.

A wannan hidimar kuma asirin wani ɗaki ya fara tonuwa. A ƙarshen benen mata akwai wata kafa can sama a jikin bango, sai da tsani ake kai gare ta. Bayanta ɗaki ne marar ƙofa. Yahudawa ba sa jefar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah a bola, kamar yadda mu ma ba ma barin yagaggen shafin Alƙur'ani a ƙasa. Suna tara irin waɗannan takardu a wani wuri da suke kira geniza, daga baya a binne su a maƙabarta. Mutanen Fusɗaɗ sai suka faɗaɗa abin. Duk takardar da aka rubuta da haruffan Ibrananci jefa ta suke yi ta wannan kafa, kuma ba su kwashe ba. Shekara kusan dubu ana zubawa, busasshiyar iskar Masar tana adanawa.

A 1896 wasu tagwaye mata 'yan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka dawo Kambirij da wasu guntaye da suka saya a tafiyarsu. Suka nuna wa wani malami, Solomon Schechter, sai ya gane ɗaya daga ciki shafi ne na littafin Ben Sira, wani tsohon littafin hikima na Yahudawa, da harshensa na asali, wato Ibrananci, wanda aka ɗauka ya ɓace tun ƙarnoni. Kafin shekarar ta ƙare ya isa Alkahira, ya sami iznin shugabannin al'ummar, ya cika akwatuna. Jami'ar Kambirij tana riƙe da guntaye kusan 193,000 a yau, wasu dubbai kuma sun watsu a ɗakunan karatu na Turai da Amurka da Rasha.

Ba littattafan addini kaɗai aka samu ba. Akwai takardun aure da na saki, lissafin kayan ɗakin amarya, takardar likita, jerin sunayen matalautan da ake raba wa burodi, allon yaro mai koyon baƙi, wasiƙun fatake da ke safara tsakanin Tunis da Sisili da Adan da Indiya. Yawancinsu Larabci ne aka rubuta da haruffan Ibrananci, wato ajaminsu ke nan. Akwai har rubutun hannun Musa ɗan Maimun, babban malamin da aka haifa a Ƙurɗuba, ya zauna a Fusɗaɗ, ya yi aikin likita ga manyan fadar Salahuddin, ya rasu a 1204. Wani masani mai suna Goitein ya ƙarar da shekaru da dama na rayuwarsa yana tsintar waɗannan guntaye, kuma daga aikinsa ne aka san farashin kaya, da kuɗin haya, da yadda Musulmi da Bayahude suke haɗa jari a kasuwa ɗaya a zamanin Faɗimiyya. A ganina wannan ɗakin duhu marar ado ya fi dukan marmaran ginin daraja. Abin da ke damuna shi ne, ɗan Masar da ke son karanta rayuwar kakannin birninsa sai ya nemi bizar Ingila, ko ya duba hotunan da aka ɗora a intanet. Za a iya cewa da an bar takardun da sun ƙare a hannun dillalai, kuma akwai gaskiya a ciki, don tun kafin zuwan Schechter an fara sayar da su kaɗan-kaɗan. Duk da haka ɗakin da ya riƙe amanar shekara dubu yanzu wayam yake.

Majami'ar da ke ɗauke da sunan Musa ɗan Maimun tana wani wuri daban, a Haratul Yahud, tsohuwar unguwar Yahudawa kusa da kasuwar Muski. Ita ma a cikin lungu take, ƙasa da titi. Akwai ɗaki a ƙarƙashinta inda marasa lafiya suke kwana suna neman waraka. Ruwan ƙasa ya ci ta, rufinta ya faɗi, har sai da hukumar kayan tarihi ta gyara ta aka kammala a 2010.

Yanzu a bar lungu a fito babban titi. A ƙarni na 19 Masar ta sauya. Mai mulkin ƙasar, Muhammadu Ali, da zuriyarsa suka buɗe ƙofa ga baƙi, auduga ta yi kuɗi, aka buɗe mashigin Suwez a 1869. Yahudawa suka kwararo daga Italiya, Girka, Siriya, Turkiyya, Maroko, daga baya har da masu gudun kisa daga Rasha. Iyalai irin su Ƙaɗɗawi da Mosseri da Suares da Menasce suka shiga harkar banki, jirgin ƙasa, sukari da filaye. Kantin Cicurel ya zama inda manyan gari ke sayayya. A 1924 Yusuf Ƙaɗɗawi Basha ya zama ministan kuɗi. Masu hali suka bar Haratul Yahud ga talakawa, suka koma sababbin unguwanni.

Majami'ar da suka gina a titin Adli, a tsakiyar sabuwar Alkahirar da sarkin Masar Hidiwi Isma'il ya tsara, ita ce shaidar wannan zamani. Sunanta Sha'ar Hashamayim, ma'ana ƙofar sama. An fara ta a ƙarshen ƙarni na 19 aka gama a farkon na 20, kuma ɗaya daga cikin masu zanenta ɗan gidan Ƙaɗɗawi ne, Maurice, tare da wani ɗan Ostiriya, Eduard Matasek. Ba ta ɓuya ba. Katafaren gini ne na dutse a bakin titi, da tauraron Dawuda a fili, da zanen itacen dabino a jikin bango. Abin lura shi ne siffar gabanta: an yi ta ne ta yi kama da ƙofar haikalin Fir'aunoni, faffaɗa a ƙasa, tana tsukewa a sama. A lokacin majami'un Turai da yawa suna kwaikwayon ginin Andalus ne. Waɗannan sai suka koma ga mafi tsufan abin da Masar ta mallaka. Fahimtata ita ce, da dutse suke cewa mu ba baƙi ba ne, tun zamanin Annabi Yusuf muna nan. Ƙara'iyawa ma sun gina tasu babba mai ƙubba a unguwar Abbasiyya, wadda aka sa wa sunan Musa Dar'i.

A Iskandariyya salon ya karkata ga Turai, kamar yadda birnin kansa ya karkata. Majami'ar Eliyahu Hanabi, wato Annabi Iliyasu, tana kan titin Nabi Daniyal. Asalinta tun ƙarni na 14 ne, igwar Faransawa ta rushe ta a mamayar Napoleon ta 1798, aka sake gina ta wajen 1850 bisa salon Italiya. Dogayen ginshiƙan marmara ne masu launin hoda, da tagogin gilashi masu launi, da kujerun katako na mutum wajen 700. A jikin kujerun akwai ƙananan allunan tagulla, kowanne da sunan mai wurin. Sunayen kaɗai sun isa su gaya maka irin taron: na Larabci, na Italiyanci, na Sifaniyanci, na Faransanci, duk a sahu ɗaya.

Tsakanin ginin titin Adli da fara watsewar jama'arsa, shekara hamsin ma ba a yi ba.

Tushen matsalar ya riga 1948. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1929 ta bar Yahudawa da yawa ba su da takardar kowace ƙasa, har da waɗanda kakanninsu a nan aka binne su. Wasu kuma suna riƙe da fasfo na Faransa ko Italiya ko Ingila saboda gatan da yake bayarwa a kotu, gatan da ya zame musu alaƙaƙai bayan kishin ƙasa ya taso. Rikicin Falasɗinu ya ƙara rura wutar. A Nuwamban 1945 masu zanga-zanga suka ƙona majami'ar Yahudawan Turai da ke Alkahira. A 1948, lokacin yaƙi, bama-bamai suka tashi a Haratul Yahud suka kashe mutane da dama, aka tsare wasu, dubbai suka fita. A 1954 aka kama wasu matasan Yahudawan Masar da leƙen asirin sojan Isra'ila ya ɗauka su dasa bama-bamai a wuraren Amurka da Ingila don a ɗora wa wasu laifin. Mutum kaɗan ne suka yi, amma zargin ya hau kan kowa. Sai 1956, da Ingila da Faransa da Isra'ila suka far wa Masar kan mashigin Suwez. Gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta kori 'yan Ingila da Faransa, ta ƙwace dukiyoyi, kuma Yahudawa wajen 25,000 suka bar ƙasar cikin 'yan watanni, da yawa da akwati ɗaya da takardar tafiya wadda ba ta da dawowa. Mayar da kamfanoni hannun gwamnati a farkon shekarun 1960 ya kori sauran 'yan kasuwa. A yaƙin 1967 aka kwashe ɗaruruwan mazan da suka rage aka kulle a gidajen yarin Abu Za'abal da Ɗura, wasu sai bayan shekara uku aka sake su, kai tsaye zuwa filin jirgi.

Ba na ganin adalci ne a ɗora wa ɓangare guda. Masu fafutukar kafa Isra'ila sun so mutanen su taso, kuma aikin 1954 ya jefa su cikin hatsari da gangan. Amma gwamnatin Masar ce ta hukunta 'yan ƙasarta a kan laifin wata ƙasa. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai waɗanda ba su taɓa goyon bayan Isra'ila ba. Lauya Shehata Harun yana cikinsu, ya ƙi fita har ya mutu a Alkahira. 'Yarsa Magda Harun ce ta karɓi shugabancin al'ummar a 2013 bayan rasuwar Carmen Weinstein, kuma nauyin da ke kanta ya fi na shugabanci kama da na mai riƙon gadon gidan da magada suka watse.

Gyare-gyaren sun fara ne bayan sulhun Masar da Isra'ila na 1979. Ben Ezra ta sami babban gyara a shekarun 1980 ƙarƙashin jagorancin Phyllis Lambert 'yar Kanada, aka kuma sake yi mata wani aka buɗe a 2023. Eliyahu Hanabi, wadda ruwan sama ya rubza wani ɓangare na rufinta, gwamnati ta gyara ta da kuɗinta aka buɗe a Janairun 2020. Hujjar hukuma ita ce waɗannan kayan tarihin Masar ne kamar masallaci da coci, kuma hujja ce mai kyau. Akwai lissafin 'yan yawon buɗe ido da na kyautata suna a idon duniya, wannan ba ɓoyayye ba ne, amma bai rage wa aikin amfani ba.

Sai dai zama kayan tarihi yana da farashinsa. Dokar kayan tarihi ta 1983 ta shafi abin da ya haura shekara ɗari, kuma da zarar an yi wa abu rajista ba ya fita daga ƙasar. Fatun Attaura da yawa sun faɗa ciki. Ga hukuma, abin adanawa ne. Ga Bayahude, Attaurar da ba a karantawa kamar rijiya ce da aka rufe bakinta. Haka rigimar take a kan kundayen haihuwa da aure da mutuwa na al'ummar. 'Ya'yan waɗanda suka yi hijira, a Faransa da Brazil da Amurka da Isra'ila, sun yi shekaru suna roƙon a ba su ko da kwafi, don a ciki ne kaɗai shaidar asalinsu take. A nan ina tare da su. Ɗaukar hoton kundi ba ya rage wa Masar komai.

Waɗanda suka fi ba ni sha'awa su ne masu aikin da ba a yi wa bikin buɗewa. Wata tsohuwar ƙungiyar agaji ta Yahudawan Alkahira, mai suna Ɗigon Madara, wadda a da take ciyar da marayu, an farfaɗo da ita don kula da majami'u da littattafai da maƙabartar Basatin, wadda ta samo asali tun zamanin gidan sarautar Ahmad ɗan Ɗulun kuma gidaje da bola suka cinye mafi yawanta. Cikin masu aikin akwai Musulmi da Kiristoci, wasunsu 'ya'ya ne ko jikokin Yahudawan da suka auri 'yan wani addini. Su ne ke kwashe shara daga kan kaburbura, suna jera littattafan da aka tattaro daga majami'un da aka rufe.

A Fabrairun 2020, wata guda bayan buɗe Eliyahu Hanabi, Yahudawa 'yan asalin Masar wajen 180 suka zo daga ƙasashe daban-daban suka yi ibadar Asabar a cikinta. Ranar an sami goman da ake nema har da ninki. Aka buɗe hekal aka fito da fatun Attaura. Tsofaffin da suka bar garin suna yara suka bi sahun kujeru suna duba allunan tagulla, kowa yana neman sunan mahaifinsa. Daga baya suka hau jirgi suka koma, masu gadi suka rufe ƙofa.